Dutse namu, fata tamu, shinkafa tamu: me ya haɗa farashinsu da dala?

Ɗan Runjin Sambo:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar masana'antu. Siminti a Kalambaina ake yin shi, dutsen kuma nan bayan gari ake fasa shi. Shinkafa a fadamun Goronyo da Wurno ake noma ta, a nan ake gyara ta. Ruwan leda daga burtsatsen cikin gari yake fitowa. To me ya sa da an ce dala ta motsa sai farashin waɗannan duka ya bi ta, kamar daga jirgi aka sauke su? Wasu na cewa haɗamar masu kamfani ce kawai. Ina so a fayyace min wane ɓangare ne na waje a cikin kayan da ake cewa na gida ne. Sannan in mutum zai kafa ƙaramar masana'anta a Sakkwato, ta buhu ko ta leda ko ta haɗa taki, yaya zai auna dogaronsa da waje kafin ya zuba kuɗinsa?

Injiniyan Arkilla:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kuskuren da ake yawan yi shi ne auna wannan magana da sikeli. In nauyi za a bi, siminti ɗan gida ne kusan gaba ɗayansa. Ana buƙatar wajen tan ɗaya da rabi na dutsen farar ƙasa da laka kafin a sami tan ɗaya na kilinka, wato dunƙulen da ke fitowa daga tanderu kafin a niƙa shi. Dutsen nan ne ya sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina a 1962, ya fara fitar da kaya a 1967. Sai dai dutse ba ya gasa kansa.

Tanderun dogon bututun ƙarfe ne mai juyawa, zafin cikinsa na kai digiri 1,450. Ƙarfe zalla ba zai jure ba, shi ya sa ake jera bulo mai jure wuta a cikinsa. Inda wuta ta fi ci, bulon na magnesiya ne, daga Turai ko Indiya ko Sin ake kawo shi, kuma cinyewa yake yi, kusan duk shekara sai an tsayar da aiki an sabunta wani sashe. In bulo ya zube a wuri guda, jikin tanderun kan yi ja daga waje, da dare ana hango shi kamar garwashi. Dole a kashe nan take, in ba haka ba ƙarfen ya lanƙwashe. A jira ya huce, a shiga a gyara, a sake ɗumama shi sannu a hankali don kada sabon bulon ya tsage. In kuwa babu bulon a sito, tanderu na nan kwance har jirgi ya iso, ga dutse jibge a fili ba abin da zai yi maka.

Haka ƙwallayen ƙarfen da ke cikin injin niƙa, da giyabos, da manyan boris, da na'urorin auna zafi, da matatar ƙura. Akwai jibsam, wanda ake zubawa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari don kada siminti ya daskare tun a kwanon birkila. Ana tono shi a wasu ƙauyukan jihar nan, amma na tonon hannu yakan zo da laka, shi ya sa manyan kamfanoni ke haɗawa da na waje. Sai makamashi, wanda shi ne uwa uba. Tan ɗaya na siminti na cin wajen yunit 100 na lantarki, ban da wutar tanderu. Bututun gas bai zo Sakkwato ba, na AKK ma, wato bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, a Kano zai tsaya. Don haka ko kwal, ko baƙin mai, ko gas da aka daskarar aka ɗauko a tanka daga kudu, kowannensu da dala ake lissafa shi, motar da ta kawo shi kuma dizal ta sha.

Injin shinkafa ma haka yake, ƙarami ne kawai. Abin da ke ɓare ɓuntu robobi biyu ne masu juyawa suna fuskantar juna, ɗaya ta fi ɗaya gudu. Daga Indiya ko Biyetnam ko Sin suke zuwa. Da tan ake ƙidaya rayuwarsu, ba da wata ba, kuma shanshera mai yashi ko wadda danshinta ya wuce kashi 14 cikin ɗari tana cinye su da wuri. In sun siɗe, karyayya ta yi yawa, wadda ba ta ɓaru ba ta riƙa tsallakewa. Injin tsince baƙi kuma kyamara ce da ƙananan bawul masu hura iska. Wuta ta yi tsalle sau ɗaya ta ƙona allonsa, shinkafarka ta fita da baƙi-baƙi, a kasuwa a taya ta farashin ta ƙauye.

Saboda haka in za ka auna, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da in ya ƙare injin zai tsaya. Gaban kowanne ka rubuta abu uku: daga ina yake zuwa, kwana nawa yake ɗauka, akwai madadinsa a Kano ko Legas ko babu. Za ka ga abin da bai kai kashi biyu cikin ɗari na nauyin kayanka ba shi ke riƙe da wuyan kamfanin.

Malamin Dundaye:

Injiniya ya gama da injina. Tunda ka ambaci taki, ga lissafinsa ƙiri-ƙiri. Ɗauki kamfa 20:10:10 (naitirojin kashi 20 cikin ɗari, fosfet 10, fotash 10), tan ɗaya, wato buhu 20 masu kilo 50.

Kana buƙatar kilo 100 na sinadarin fosfet. DAP, wato takin da ke ba da fosfet, na ɗauke da kashi 46 cikin ɗari, don haka kilo 217 za ka zuba, kuma zai ba ka kyautar kilo 39 na naitirojin. Ana son naitirojin kilo 200, saura 161, wanda yuriya mai kashi 46 za ta cike da kilo 350. Fotash kilo 100 kuma, MOP, takin da ke ba da shi, na da kashi 60, kilo 167 ke nan. In ka tara, 734. Ragowar kilo 266 tsakin farar ƙasa ne na ciko.

Yuriya tamu ce, ana yin ta a Indorama da ke Eleme da kamfanin Dangote na Lekki da aka buɗe a 2022. Farar ƙasa ma tamu ce. Amma DAP daga Maroko yake zuwa, a kan haka aka gina shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla a ƙarshen 2016. Fotash kuwa ƙasashe ƙalilan ke riƙe da kasuwarsa: Kanada, Rasha, Belarus. Kilo 384 cikin dubu ke nan na waje, kuma su suka fi tsada. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, sai da Najeriya ta nemo fotash na gaggawa daga Kanada. Mai haɗa taki in ba fotash, ba kamfa, ko da yuriya ta cika masa sito har rufi. Taki kuma ba ya jira: wanda ya iso bayan an yi noman farko, sai dai a ajiye wa masu rani, yuriya kuma tana shan danshi ta dunƙule.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, ita kanta yuriyar gida da farashin waje ake sayar da ita. Mai yin ta yana da mai saye a Barazil da Amurka da Indiya wanda zai biya da dala. Ba zai ba ka a ƙasa da abin da zai samu in ya loda wa jirgi ba, sai ɗan ragin kuɗin jirgin. Tsakin robar da ake yin buhu da leda ma haka: ana yin shi a Eleme, Dangote ma ya fara fitar da na buhu, amma farashinsa na bin na kasuwar duniya, wanda shi kuma ke bin ɗanyen mai. Sayen na gida na rage maka jira da wahalar tashar jiragen ruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma bai raba ka da dala ba.

Abin takaici, akwai fosfet kwance a ƙasar Dange da Shuni. Sai dai dutsen fosfet ba taki ba ne sai an narka shi da ruwan asid na ƙibiritu, an haɗa da amoniya. Wannan masana'antar tsakiya ita ce ba mu da ita, kuma a kowane fanni ka duba a nan ramin yake: muna da ɗanyen kaya, muna da masu haɗa na ƙarshe, tsakiyar ce babu.

Ejan Tin Can:

Ranka ya daɗe Malam. Mai tambaya, ga yadda kaya ke tahowa, don ka san inda kuɗi da kwanaki ke zurarewa.

Da farko mai sayarwa zai turo maka takardar tayin farashi. Da ita za ka je bankinka a buɗe Fom M, wato takardar neman shigo da kaya, tare da inshorar kamfanin Najeriya da takardar hukumar da kayan ya shafa, SONCAP ga kayan da ke ƙarƙashin SON, hukumar ingancin kaya, NAFDAC ga sinadarai da abinci. Kada ka bari a loda kaya kafin Fom M ya fito, wannan kuskuren tara yake jawowa. Bayan an loda, takardun jirgi su bi ta banki, kwastan su fitar da PAAR, takardar ƙiyasin haraji kafin kaya su iso, a biya haraji, a duba kaya, a biya kamfanin jirgi da masu tasha, sannan mota ta shiga.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne lambar kaya, wadda ake kira HS. Harajin ECOWAS hawa biyar ne: sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Ɗanyen kaya yawanci 5, wanda aka fara sarrafawa 10, gamamme 20. In sunan da ke kan takardar farashi bai dace da na takardar jirgi ba, ko kwastan suka ga lambar da ka sa ba ita ce ba, sai su ɗaga ka zuwa hawa na sama su ba ka takardar cikon haraji. Kana gardama, kwanakin kyauta na ƙarewa, kamfanin jirgi na ƙirga maka kuɗin jinkirin kwantena kullum, masu tasha na ƙirga nasu na ajiya daban, kuma yana ƙaruwa hawa-hawa.

Ga misali da lambobin da na ɗauka don sauƙin lissafi, ba farashin yau ba ne. Kwantena mai ƙafa 40 na ɗaukar tsakin roba wajen tan 25, buhu dubu masu kilo 25. A ce kaya da jirgi da inshora sun tashi dala 28,000. A canjin 1,500, naira miliyan 42. Haraji a ce kashi 5, miliyan 2.1. Wani kuɗin ECOWAS na daban, rabin kashi ɗaya, dubu 210. VAT kashi 7.5 a kan jimlar duka, wajen miliyan 3.3. Ka kai miliyan 47.6, ba ka biya tasha da ejan da mota da sauran ƙananan kuɗaɗen kwastan ba. Yanzu a ce dala ta koma 1,600. Lissafin nan ya zama miliyan 50.8, domin shi ma harajin da canjin dala ake buga shi. Ƙarin naira ɗari a dala ya zama ƙarin naira 127 a kowane kilo. To ka tuna a Yunin 2023 canjin hukuma yana wajen 460, a Fabrairun 2024 ya haura 1,500.

Kwanaki kuma: Fom M da biyan kuɗi mako ɗaya zuwa biyu, haɗa kaya a can mako biyu zuwa huɗu, teku daga Sin zuwa Legas mako biyar zuwa bakwai, fitarwa mako biyu zuwa uku in takardu lafiya suke. Sai hanya, fiye da kilomita dubu: Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri, Koko, Jega, Tambuwal. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba, tsohon layin a Kauran Namoda ya tsaya. Kuma kuɗin mota na zuwa da komawa ne, don sai an mayar da kwantenar fanko kafin a dawo maka da kuɗin ajiyarka. Shi ya sa da yawa ke sauke kayan a Legas su zuba a buɗaɗɗiyar tirela. Gaba ɗaya, ka ƙaddara wata uku zuwa huɗu. In odarka ta faɗa a sabuwar shekarar Sin, ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, ƙara wata guda.

Matashin Gwiwa:

Ni fa ina ganin duk wannan dogon lissafin maganinsa ɗaya ne. A rufe iyaka a hana shigo da komai, dole mu ƙera namu. Ba ga shi ba 'yan Huti na Yaman sun tare Bahar Maliya kayanmu sun maƙale? In namu muke yi ina ruwanmu da su.

Ejan Tin Can:

Ƙanena, gyara kaɗan. Jirgin da ya taso daga Sin zuwa Legas ba ya bin Bahar Maliya, tun asali ta ƙasan Afirka ta Kudu yake zagayowa. Abin da ya faru daga ƙarshen 2023 shi ne jiragen Turai sun dawo wannan doguwar hanyar, tafiyarsu ta ƙaru da kwana goma ko fiye, jirage da kwantenoni suka yi ƙaranci a ko'ina, kuɗin dako ya tashi har da namu. Ba hanyarmu aka tare ba, amma mun biya.

Malamin Dundaye:

Batun hanawa kuma an gwada. A Yunin 2015 Babban Banki ya hana kaya 41 samun dalar hukuma, daga baya suka zama 43, aka janye a Oktoban 2023. A cikin jerin har da tsakin robar buhu da falankin ƙarfe, waɗanda gamammen kaya ne a wurin wani, ɗanyen kaya ne a wurin wani. Mai buƙatarsu bai daina saye ba, kasuwar bayan fage ya koma ya sayi dala da tsada ya ɗora wa mai saye. Shinkafa ta amfana, an kafa injina da yawa a Kebbi da Kano da nan, wannan gaskiya ne. Amma duba masaƙu. An buɗe ta farko a Kaduna a 1957, audugar Funtuwa da Gusau suke saƙawa, amma rini da sinadarai da kayan gyaran injin duk na waje. Da aka karya naira a 1986 kuɗin waɗannan ya ninka, wuta ta lalace, atamfar sumoga ta shigo, UNTL, babbar masaƙar Kaduna, ta rufe a 2007. Kuma a mafi yawan shekarun nan akwai dokar hana shigo da yadi. Doka ba ta ƙera boris.

Baba Majemi:

Salamu alaikum. Ɗana mai tambaya, ku bari in sa baki da sha'anin fata, don nan ne abin ya fi ciwo. Jar akuyar Sakkwato duniya ta san ta. Fatarta ce Turawa sunka daɗe suna kira fatar Maroko, don ta hamada anka riƙa kai ta can kafin ta ƙetara. Jimarmu ta gado ba ta son ko sisin dala: toka ta cire gashi, kashin kaji ya tausasa, bagaruwa ta jeme, man gyaɗa ya sa laushi, karan dafi ya ba da ja. Dukawa na nan suna aiki da ita.

Amma mai yin takalmi a Italiya ko Sifen ba wagga yake so ba. Shina son fata mai laushi wadda launinta ɗaya ne daga ta farko har ta dubu. Wannan sai jimar kurom, irin ta kamfunnan Challawa da Sharaɗa a Kano. Can maganin cire gashi na waje, asid na waje, garin kurom na waje, ana zuba shi wajen kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin fata, man tausasawa da rini duk na waje. Kuma doka ta hana fitar da ɗanyar fata, har da shuɗiyar nan da anka jeme ba a gama ba, don haka dole a ƙara aiki a kanta, ƙarin aiki kuwa ƙarin magani ne. Kun ga kai biyu ke nan: maganin daga waje, mai sayen ma a waje. In oda ta ja baya a Italiya, a Acida da Illela za a ji, mai akuya bai san mi ya faru ba sai ya ga dillali na taya fata da wulaƙanci.

Abin da ke hannunmu kuwa shi muke ɓatawa. Fiɗa da wuƙa mai tsini na huda fata, huda ɗaya a tsakiyar baya ta sauke ta daga lamba ɗaya zuwa ta uku. A zafin wanga gari in ba a sa gishiri cikin 'yan awoyi ba, gashi ya fara zuba, ta tafi. Gishirin kuma ba yayyafi ba ne, wajen sulusin nauyin fatar ake so ko fiye, a ɓangaren nama, a inuwa. Ranar layya ku duba yawan wadda ake shanyawa a rana bisa ƙasa. Ƙirgin shanu ko, ganda ta cinye shi tun bai ga majemi ba.

Hajiya Mai Lissafi:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗan Runjin Sambo, bari in taɓa maganar haɗama, don ba a amsa maka ita ba.

Mai masana'anta ba da farashin da ya sayo yake sayarwa ba, da farashin da zai sake sayowa ne. Koma kan kwantenar Ejan. In ya sayar a kan lissafin miliyan 47.6 alhali ta gaba 50.8 ce, a takarda ya ci riba, a zahiri ba zai iya cika sito ba. Sau uku ya yi haka jari ya narke. Shi ya sa farashi ke tashi ran da dala ta tashi. In ta sauka kuma sai ya ce kayan da ke sito na tsada ne. A nan haɗama ke samun wurin ɓuya, musamman a fannin da masu yin kayan ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ba wanda ke gaggawar ragewa. Duka biyun gaskiya ne.

Sai kuɗin ruwa. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'auninsa kashi 27.5, bankuna na ba da rance wajen 30. Miliyan 47.6 da ke kan teku wata huɗu ta haifi wajen miliyan 4.8 kafin ka narka kilo ɗaya. Ga wanda ke gudun riba, ko ta murabaha ya bi, tsawon jiran na cikin farashin da za a yanka masa.

Ga lissafin da nake so ka yi kafin komai. In injinka na cin kilo 500 a rana, tan 25 kwana 50 zai yi maka. Kayan kuma kwana 110 yake ɗauka kafin ya zo. Ke nan kullum sai kana da kwantena biyu a hanya, ɗaya a sito. Jarin juyawa ya kusa miliyan 150, wataƙila ya fi kuɗin injin kansa. Mafi yawan ƙananan masana'antun da ke mutuwa a shekarar farko, duk kuɗin a gini da inji aka zuba. In ba ka da wannan ƙarfin, sayi tan biyar-biyar a wurin diloli a Kano, ka biya ribarsu, ka huta da tasha.

Kada kuma ka manta da ɓangaren sayarwa. Kasuwar Sakkwato rabinta na kallon Illela da Ƙonni. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Maris na 2024, yanzu kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Sefa a ɗaure take da yuro, don haka in naira ta faɗi kayanmu kan yi wa 'yan Nijar araha su kwashe, farashi ya tashi a nan. Shinkafa kuwa, da Indiya ta taƙaita fitarwa a 2023 masu injinmu sun sha iska, da ta sake a ƙarshen 2024 ta waje ta faɗi, wanda ya tara shanshera da tsada ya kwana ciki.

Ɗan Runjin Sambo:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Injiniya, tambaya ta ƙarshe: in mutum ya yanke shawarar sayen injin, me zai duba tun a wurin saye don kada ƙaramin abu ya kwantar da shi wata uku?

Injiniyan Arkilla:

Fara da farantin da ke jikin kowace motar lantarki da ke juya injin. Wutarmu mai bugu 50 ce, layi uku, bolt 400 zuwa 415. Injin Sin yawanci 380 ne a bugu 50, yana tafiya amma ka gaya musu su naɗa maka na 415. Tsohon inji daga Amurka ko Taiwan ko Koriya ta Kudu na bugu 60 ne, a nan zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida kuma ya riƙa zafi, arahar ta zama tsada.

Ka sa a rubuce cewa boris da bel da kwantakta da bawul su zama na lambar da kowa ke sayarwa, irin su SKF da Schneider da Siemens, waɗanda za ka samu a Sabon Garin Kano. Wanda aka ƙera wa injin shi kaɗai, kamar allon kwamfuta da dunƙulen narka roba da wuƙaƙen yanka, ka sayi na shekara biyu su taho cikin kwantena ɗaya da injin, a kan Fom M ɗaya. In ka bari sai ya lalace, ta jirgin sama za ka kawo shi, kuɗin dakon ya fi kuɗin kayan. Ka karɓi zanen wayoyi da kwafin manhajar da ke tuƙa injin da kalmar sirrinta kafin ka biya kason ƙarshe, don wasu na kulle ta sai an kira su.

Sai yanayin garinmu. Yawancin na'urorin rage gudu da ƙara gudu an auna su ne a kan digiri 40, a watan Afrilu kuwa inuwar Sakkwato ma ta wuce haka, balle cikin rumfar kwano. Akwatin lantarkin a ba shi ɗakinsa da na'urar sanyaya, a rufe shi daga ƙurar hunturu, a riƙa hure matatarsa duk mako. A sa abin kare tsallen wuta tsakaninsa da layin Kaduna Electric, da wani a wurin sauyawa zuwa janareta, don a daidai lokacin sauyin ne allo ya fi ƙonewa. Janareta kuma ka lissafa wajen lita 0.3 na dizal a kowane yunit, ka kwatanta da kuɗin layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, wanda a Afrilun 2024 aka kai shi naira 225 a yunit. In injin narka roba ne, ka tambayi mai sayarwa minti nawa robar za ta iya zama a cikin bututu in wuta ta ɗauke kafin ta daskare, don da wannan amsar za ka san girman janaretan da za ka saya da kuma ko sai yana kunne kullum.